Tabar Wiwi: A Raba Mai Sha da Dila

Ranka ya daɗe Edita,

Ana ta gardamar halatta wiwi, an bar inda gizo ke saƙa. Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da kaya, ba ta faɗi nauyin da ya raba ƙulli ɗaya da buhu ba. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi, UNODC, na 2018 kuwa ya ƙiyasta masu shanta a Najeriya miliyan 10.6. Wane gidan yari zai ɗauke su?

Fotugal ta sa ma'auni tun 2001: mai abin shan kwana 10, wato giram 25 na ganye, ba a kai shi kotu. Kwamiti ke ganinsa, ya ci shi tara ko ya tura shi magani. Sayarwa dai tana nan a haramce.

Ba halattawa nake nema ba, don wiwi kan taɓa hankalin wasu, musamman masu farawa da ƙuruciya. Amma magani sai da gadon asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna kaɗai ba zai wadatar ba, shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari, irin wanda aka bankaɗo a Rigasa a 2019, mutane da sarƙa a ƙafa. Ya kamata Majalisa ta fara da rubuta giram a doka.

Mai karatunku,
Kaduna