Matasa ma ana sauya musu gaɓar kwatangwalo

Ya Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya kan aikin sauya gaɓar kwatangwalo, wanda da yawa ke ɗauka na tsofaffi ne kawai. Ina da shekara 26 aka yi mini shi a nan Jidda, bayan cutar sikila ta toshe hanyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinyata har ya mutu.

Washegarin aikin aka tashe ni na taka da ƙarfen dogarawa, amma wahalar gaske a gida take. Tsawon mako 6 likita ya hana ni tsuguno, harɗe ƙafafu da zaman tabarma, don kada sabuwar gaɓar ta goce. Sai da aka ɗora mini kujera a kan masai, kuma a zaune nake salla, ina sunkuyawa maimakon sujada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu zuwa dubiya suna cewa, "Kai da ƙuruciyarka, tashi ka miƙe mana." Gaɓar ƙarfe tana cinyewa da shekaru, mai irin shekaruna yana iya sake komawa ɗakin tiyata. Ina roƙon iyaye su bar mu mu bi umarnin masu gashin ƙashi ba tare da gaggawa ba.

Naku,
Mai karatu daga Jidda