Inna na da ƙabar cibiya ga bushewar ciki, ta ci gaba da shan filasko?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya saka da alheri kan wannan fili da muke ji a rediyo. Daga wani ƙauye nake rubuto maka a ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa, akan mahaifiyata ne.

Inna tana da ƙaba a saman cibiya tun bayan haihuwar autanmu, ƙullutu ne yake fitowa in ta yi tari ko ta ɗaga tulu, in ta kwanta ta danna sai ya koma. An duba ta a asibiti an ce ba maganin sha da ke mayar da ƙaba, sai aiki, ita kuma ta kafe sai an girbe riɗi an sayar tukunna, ka san iyayenmu.

Abin da ya hana ni barci yanzu bayan gida ne. Cikinta bushewa yake, ta shiga banɗaki ta daɗe tana yunƙuri, kuma wallahi duk yunƙurin nan ƙara turo ƙabar yake, ta fito riƙe da wajen tana gumi. Maƙwabciyarmu ta kawo mata filasko ana jiƙawa da tsamiya da ƴar kanwa, ta sha da dare, asuba na yi ciki ya hau murɗawa ta yi ta zawo har jiri ya ɗebe ta, bayan kwana biyu kuma ya sake ɗaurewa ta koma kan filaskon. Ƙanina ya sayo wani maganin wankin ciki mai suna Dulcolax a kemis ni na hana a ba ta, raina bai kwanta ba.

Wata nas ta ce min gara lactulose don shi tausasa bayan gida yake a hankali, ta yawaita ruwa da zogale da miyar kuɓewa da gwanda. Sai kuma ta faɗi maganar da ta tsorata ni, wai ranar da ƙullutun ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ko iska ba ta fita, hanji ne ya maƙale, kar a kuskura a ba ta maganin wankin ciki, a tafi asibiti a daren. To Likita mu da sai an nemi mai mashin kafin a kai titi, ya zan bambance bushewar ciki ta kullum da wannan tun da wuri?

Dan Allah filaskon nan ta daina gaba ɗaya? Lactulose ɗin za ta iya sha kullum har ranar aiki? Tana kuma shan ƙwayar ƙarin jini, ko ita ke busar mata da cikin? Sannan ka yi mata magana da bakinka akan jinkirta aikin nan, tana sauraron filinka, ta fi jin taka akan tamu.

Na gode.
Ɗanta, daga Ringim