Wasiƙa daga Sakkwato: Dare da Maganin Inna

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni jikin Inna. Da sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai abin da ke hana ni barci yanzu ba ciwon sugan ba ne, hanyar zuwa ga magani ce.

Ka san mai kemis ɗin bakin layinmu da ke kaiwa sha ɗayan dare? Tun da 'yan sara-suka suka tare yaron shagonsa suka ƙwace waya da cinikin yini, ana sallar isha'i yake ja ƙofa. Ban ga laifinsa ba. Amma makon jiya, wajen ƙarfe ɗaya, sugan Inna ya faɗi, tana ta gumi tana rawar jiki, ba ta gane kowa. Na fita neman ɗan kabu-kabu, uku na tsayar, da na faɗi unguwar da za mu ratsa kowa ya ce in yi haƙuri, babur ɗin ba nasa ba ne. Zuma muka riƙa shafa mata a dasashi har ta farfaɗo, sai da asuba maƙwabci ya kai mu asibiti. Wallahi ina zaune kusa da ita ina ƙirga kiran salla.

Abin ya tuna min watan Mayun 2022, lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 bayan tarzomar da ta biyo kisan ɗalibar nan a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Allurar insulin ɗinta ta ƙare a daidai ranar. Ita kuwa ba a tara ta da yawa, ga zafin Sakkwato ga rashin wuta, cikin randa muke ajiye ta.

Mu ma da sauƙi. Je ka ga mutanen Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga suka koro cikin gari: mai hawan jini ya baro katinsa a ƙauye, mai tarin fuka ya yanke maganin wata shida a tsakiya, wanda ke sa cutar ta dawo da ƙarfi. Wani abin takaicin, tun 2017 akwai dokar da ta tilasta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma har yau mutane na tsoron ɗaukar wanda aka ji wa rauni kada a ce da hannunsu.

Don Allah in mai zuwa ya samu, aiko min tsinken gwajin suga kwali biyu, ya yi tsada a nan. Inna na gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata jikokinta?

Naka har kullum,
Amininka