Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Labarin Fim Ɗin Da Ya Rubuta

Argungu, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Kano, ya aiki? Mutanen gida duk lafiya lau.

Labarin da ka turo ta WhatsApp, ƙaninka ya buga mini shi a takarda na karanta. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar shiga lokeshin, wato fara ɗaukar fim ɗin, a wata mai kamawa, don kawai furodusa yana sauri. Labarin nan da sauransa.

Ka ajiye shi sati biyu, kada ka buɗe. Wanda ya gama rubutu jiya, abin da ke ransa yake karantawa, ba abin da ke kan takardar ba. In ka dawo, ka duba shi kamar na wani ne wanda ba ka jin nauyinsa.

Ka fara da tsawo. Masu sana'arku suna lissafa shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya a allo, naka kuwa shafi 160 ne, wato awa biyu da minti 40. Mai kallo a waya da datar da ya saya da guminsa ba zai jira ba. Gaishe-gaishen nan sun yi yawa: a gida ladabi ne, a fim cin lokaci ne. Akwai kuma inda uwar yaron ke ba maƙwabciya labarin faɗan da muka riga muka gani da idonmu. Don me? Duk sin ɗin, wato fitowar, da ka cire labari bai yi tuntuɓe ba, dama cikon benci ne. Har da jawabin tsohon masuncin a bakin ruwa, wanda na san shi ka fi so. Hausar ta yi daɗi, amma kai ke magana a nan, ba shi ba. Masunci ba ya wa'azin shafi uku. Bar shi ya miƙa wa ɗansa homar kamun kifi ya juya, za mu gane.

Sai abin da ya ɗan sosa mini rai. Kai ɗan Kabi ne, amma ka sa bikin kamun kifi cikin damina. Bikin da ake yi tun 1934, a gulbin Matan Fada, da rani ake yinsa bayan ruwa ya ja, kuma da homa da gora ake shiga, ba da jirgi mai inji ba. Masuntan naka kuma duk Kananci suke yi. Wa ka taɓa ji a bakin gulbi yana cewa "me kake so"? "Mi kaka so" muke cewa. Mutumin Kano zai iya wucewa bai lura ba, na Birnin Kebbi dariya zai yi ya kashe.

Bayan ka gyara, tara mutane huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki maganar mutum guda na cikin labarin a karanta da ƙarfi, kai kuma ka yi shiru, kada ka kare komai. Ka lura da inda suka fara taɓa waya. In sun ce wuri kaza bai yi ba, yawanci sun yi gaskiya. Maganin da za su ba ka ne sai ka auna.

Yanzu gyara biro kawai zai ci. Ranar da aka kunna janareta, aka yi hayar kyamara, jarumai suna jiran abinci da sallama, kowane kuskure kuɗi ne. Edita yana iya yanke abin da ya yi yawa, amma ba ya iya ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba. Sin ɗin rawar nan ma ka sake dubansa tun yanzu, kafin Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta duba maka.

Ka nemi furodusan ya ƙara maka wata guda. In ka zo Sallah, zan kai ka wajen tsofaffin masunta ka zauna ka saurare su. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Mahaifinka.