Girman jariri ba dalili ba ne na juya kujerarsa ta mota ta kalli gaba

Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyayen da Allah ya ba ƙaton jariri, irin wanda ake haifa da kilo 4 ko 4 da rabi, ko wanda bai cika wata 6 ba ya riga ya taɓa kilo 9, tubarkalla. Yawancin waɗanda suka daure suka sayi kujerar jarirai ta mota sukan ga yaron ya cika ta tun bai fara rarrafe ba, sai su sayo babba su zaunar da shi yana kallon gaba, wai ai ya yi ƙwari. Bai yi ba. Nama ne ya ƙaru, amma wuya da ƙashin baya da watanni suke tafiya, ba su san kilo ba.

Kan jariri yana da girma da nauyi in an gwada shi da sauran jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuma wani sashensu guringuntsi ne da bai gama daskarewa ba. Idan mota ta yi karo ta gaba, yaron da ke kallon gaba maɗauri zai riƙe ƙirjinsa, kan kuwa ya wuce da ƙarfi. Guringuntsi yana miƙewa, lakar da ke cikinsa ba ta miƙewa haka, a nan ake samun shanyewar jiki ko rasa rai. Wanda ke kallon baya kuwa, bugun tura shi yake yi cikin kujerar, kai da wuya da gadon baya su tafi tare, ƙoƙon kujerar ya shanye wahalar. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, shi ya sa cinyar uwa da hannunta ba sa riƙe komai a wannan lokacin, balle yaro mai nauyi.

Tushen ruɗanin yana cikin tsohuwar ƙa'idar Turai mai lamba R44, wadda ta raba kujeru da nauyi kaɗai: rukunin 0 zuwa kilo 10, rukunin 0+ zuwa kilo 13, rukunin 1 daga kilo 9 zuwa 18. A ƙarƙashinta, da zarar yaro ya kai kilo 9 an halatta masa kujera mai kallon gaba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin namiji yakan kai kilo 9 wajen wata 9 zuwa 10, mace kuwa wajen shekara guda. Ƙaton jariri zai iya kai wannan nauyin yana ɗan wata 5, ko zama bai iya ba. Sabuwar ƙa'idar R129, wadda ake kira i-Size, ta fara aiki a 2013, ta koma auna tsayi, ta hana juya yaro gaba sai ya cika wata 15 kuma ya kai santimita 76, ta kuma ƙara gwajin karo ta gefe. Tun Satumban 2024 aka daina sayar da sababbin kujerun R44 a ƙasashen Tarayyar Turai, to amma kowa ya san inda tsofaffin kayan Turai suke ƙarewa, su ne a gwanjo. Wata 15 ɗin ma mafi ƙaranci ke nan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2018 a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar da kujerarsa ta ɗauka, a Suwidin kuwa sukan kai shi wajen shekara 4.

Saboda haka kafin a je kasuwa, a fara da awo. A ɗauki nauyin yaro da tsayinsa na ranar awo ta ƙarshe daga katin asibiti, a kuma sa tef a auna daga mazaunansa zuwa tsakar kansa yana zaune ko an tallafe shi. Wannan awon na ƙarshe shi ne iyaye ba sa yi, alhali yawancin yara da tsayin gangar jiki suke fin ƙarfin kujera, ba da nauyi ba.

Ƙaramar kujerar nan mai mariƙi, wadda ake ɗauka kamar kwando, ta Turai takan tsaya a kilo 13 da tsayin santimita 75 zuwa 87, gwargwadon kamfani. Ta Amurka da fam da inci ake rubuta ta: fam 22 kilo 10 ke nan, fam 30 ya ɗan haura kilo 13 da rabi, fam 35 kusan kilo 16, inci 32 kuma santimita 81. Yaro ya gama da ita idan ya wuce nauyin, ko ya wuce tsayin, ko kuma abin da ya rage tsakanin tsakar kansa da bakin ƙoƙon bai kai santimita 2 da rabi ba. Ɗaya daga cikin ukun ya isa. Ƙafafu kuwa ba sa cikin lissafi. Ko sun taɓa jinginar kujerar mota ya naɗe su, ba komai, yara haka suke zama ko a tabarma.

A ganinmu, wanda aka haifa masa jariri mai kilo 4 da ɗoriya kuma kuɗinsa na kujera ɗaya ne, gara ya tsallake mai mariƙin ya sayi wadda ke ɗaukar yaro daga haihuwa, santimita 40 zuwa 105, tana kallon baya har kilo 18. Cikin na Amurka akwai masu kai wa fam 40 ko 50 suna kallon baya. A duba da kyau, domin lamba biyu ake rubutawa, ta kallon baya da ta kallon gaba, mai shago kuma babbar zai nuna maka. Sannan a tabbata tana kwanciya sosai. Jaririn goyo, komai ƙibarsa, bai iya riƙe kansa ba, yana bukatar kujerar ta jingina wajen digiri 45. In ta miƙe da yawa haɓarsa za ta faɗo kan ƙirji ta toshe masa numfashi. Akwai layi ko ɗan ma'auni a gefen kujerar da ke nuna daidai.

Sai maganar ɗaura ta a mota, inda nauyin yaro ke sake shigowa. Ƙarafunan nan biyu da ke ɓoye a tsagar kujerar baya, ISOFIX a motocin Turai, LATCH a na Amurka daga 2002, suna da iyaka. A tsarin Turai, nauyin yaro da na kujerar a haɗe kada ya wuce kilo 33, a na Amurka fam 65, wato kilo 29 da rabi. Kujera mai nauyin kilo 15 ta bar wa yaro kilo 18 ke nan. Shi ya sa kujerun da ke kai yaro kilo 25 yana kallon baya galibi da bel ɗin mota ake ɗaure su. Bel ba ya kasa ƙarfen aminci idan an bi hanyarsa daidai: a kujerun Turai alamar shuɗi ko kore ce ke nuna inda zai bi. A motocin Amurka ana jawo bel ɗin gaba ɗaya har ƙarshe, a sake shi ya koma yana ƙas-ƙas, to ya kulle. Na Turai yawanci ba sa haka, kujerar ce ke da nata maƙalin. Bayan an gama, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa a girgiza, kada ta motsa fiye da santimita 2 da rabi. Kujerar da ke da ƙafar tallafi a gaba, ƙafar ta dafa ƙasan motar sosai. Waɗannan manyan kujeru suna cin wuri, don haka a je da motar a gwada kafin a biya, kada a dawo gida a tarar sai maigida ya tura kujerarsa har gwiwa na bugun sitiyari. Kujerar gaba mai jakar iska kuwa haram ce ga yaro mai kallon baya, fashewarta kansa take duka.

Wurin zaunar da shi, maɗauran kafaɗa su fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan muddin yana kallon baya. A ja su har ya zama in ka kai yatsu biyu ka mintsini maɗaurin a kan ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ba ka kama komai ba. Iyayen yaro mai jiki suna tausaya masa su sassauta, ko su cire hannuwansa su bar na cinya kawai, wannan shi ke sa yaro ya fita ta sama. Idan makullin tsakanin ƙafafu na matse masa cinya, a duba ƙasan kujerar, da yawa suna da rami biyu ko uku na matsar da shi gaba. Matashin jarirai da ke zuwa da kujerar a cire shi lokacin da littafin ya ce, galibi wajen santimita 60, wanda ƙaton jariri kan kai da wuri. Kada a cusa filo ko zani a bayansa. Da hunturu ma a tuɓe masa rigar sanyi mai kauri, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa shawul a sama, domin auduga na lotsewa a bugu ta bar sarari. Da zafi kuma a taɓa ƙarfen makullin tukuna, yana ƙona fata. Jaririn da kafaɗarsa ta maƙale wurin haihuwa har aka samu karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ko sanyin hannu, abin da kan faru da manyan jarirai, a nuna wa likitansa kujerar kafin a fara amfani da ita.

Game da gwanjo, mun san halin da aljihu ke ciki, ba za mu ce kada a saya ba. A juya kujerar a nemi takardar shaida: ta Turai mai launin ruwan lemo ce, da harafin E da lamba cikin da'ira, da R129 ko R44/04, ta Amurka kuma tana ɗauke da FMVSS 213. A nemi ranar ƙira da aka buga a jikin robar. Kamfanoni kan ba kujera shekara 6 zuwa 10, ranar ƙasarmu kuma ba ta raga wa roba. Wadda ke da tsaga, ko farin tabo na lanƙwasa, ko maɗaurin da aka ɗinke ko ya fara zarewa, a ajiye ta. Haka wadda ba ta da kowace takarda, musamman irin ta yadi zalla da ake tallata wa a intanet ana ɗaura ta a jikin kujerar mota. Littafin kujera in ya ɓata, sunan kamfani da lambar samfurin sun isa a samo shi a shafinsu ta waya.

Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar lafiyar yara a kan hanya,
Kano.