Amsa ga mai tambaya kan kalmar kanto

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A taron da muka yi ranar Asabar ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni ko kalmar kanto da mutanen Nijar ke kiran ƙasar hakimi da ita Hausa ce, kuma ko tana da dangantaka da kantoma. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Baƙuwa ce. Faransawa suka zo da ita, su suna rubuta ta canton. Tushenta a Italiyanci cantone ne, wato kusurwa ko lungu, daga nan ta koma nufin yankin ƙasa da aka gutsuro. Har yau masana tuta na kiran kusurwar sama ta tuta da wannan suna, kamar inda taurarin tutar Amurka suke.

Inda kalmar ta fi daraja shi ne Suwizalan. Can kanto 26 ne, kowanne da kundin tsarin mulkinsa da majalisarsa da 'yan sandansa. Uri da Schwyz da Unterwalden suka fara ƙulla alkawari a 1291, autansu Jura ya samu tsayawa da ƙafarsa a 1979. A Faransa kuwa, tun 1790 ƙaramin yanki ne kawai, yanzu ma kusan mazaɓa ce. Wannan na Faransar shi aka kawo mana, aka yanka ƙasa, aka naɗa mai karɓar haraji. Wani wurin an bi tsohuwar sarauta, wani wurin an ɗora wanda bai gada ba, kuma wannan ne ke damuna idan na ji ana rantsuwa cewa iyakar wani kanto tun kaka da kakanni take.

Zancen kantoma, hasashenka ya yi daidai. Daga canton aka samu cantonment, wato mazaunin da aka keɓe wa soja. Turawan Ingila sun sa alƙalin irin wannan unguwa a Lakwaja da Zungeru, bakin Bahaushe ya taƙaita sunan muƙaminsa, wato cantonment magistrate, ya zama kantoma. Shi ya sa har gobe wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba, kantoma muke ce masa.

Kada dai ka haɗa da birnin Canton na Sin. Wancan Turawan Fotugal ne suka karkata sunan lardin Guangdong.

Na gode da tambayarka. A gaida gida.