A Daina Jinkirin Hoton Ƙwaƙwalwa Ga Masu Ciwon Daji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wani sakaci da ya zama ruwan dare a gidajenmu. Mace za ta yi jinyar sankarar mama, a yi mata aiki, ta samu sauƙi, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ta fara ciwon kai mai tsanani da asuba, ga amai, ko ta faɗi kamar mai farfaɗiya, nan take dangi su ce iska ce ko jifa. Alhali sankarar mama da ta huhu da ta ƙoda suna cikin waɗanda suka fi bin jini su kai ƙwaƙwalwa.

Abin da likita yake buƙata a lokacin shi ne hoton MRI tare da allurar gadoliniyam, wadda take sa ƙari ya fito fili ko da bai kai ƙwayar wake ba. Na'urar tana aiki da maganaɗisu, shi ya sa ake tambayar mara lafiya ko akwai ƙarfe a jikinsa, kuma akan duba ƙodarsa kafin allurar. Hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray, ya fi sauri da araha, amma ƙananan ƙari sukan ɓuya masa, musamman ta wajen ƙeya, don haka kada a saki jiki don an ce CT bai nuna komai ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalili. Tarin fuka yakan yi curi a ƙwaƙwalwa ya yi kama da sankara, kuma maganinsu ya sha bamban. Sababbin dabarun MRI da suke auna gudun jini da sinadaran da ke cikin curin suna taimakawa wajen rarrabewa, haka kuma sukan nuna ko abin da aka gani bayan an gasa ƙarin da hasken na'ura tabo ne ko ciwon ne ya dawo.

Daga Kaduna zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da Zariya ba wata tafiya ba ce, kuɗin hoton ne yake kayar da talaka. Ina kira ga hukumar inshorar lafiya da gwamnatin jiha su ɗauke wa duk wanda aka tabbatar yana da ciwon daji wannan nauyi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Kaduna